Shekarar da Na Raba Takwara da Hajiya

Wannan babin na daɗe ina kewaye shi. Na ba ku labarin aurena da babanku, na ba ku na gidanmu na Zangon Sokode da mangwaron da ke tsakar gida, amma duk sanda na iso kan Yayarku sai in ajiye biro in ce gobe. A bikin Hauwa na ji ɗayanku, ba zan faɗi ko wane ne ba, yana gaya wa matarsa wai Inna ta tura Yaya Dapaong ne don tana jin kunyar jikinta. Bai san ina bayan labule ba. Ban yi fushi ba, don haka kuka taso kuka ji, haka ita ma ta ɗauka. To ga yadda abin ya kasance, Allah shi ne shaidata.

Ni yarinya ce mai yawan mafarki. Wani kawuna da ya zauna Najeriya ya koya mini karatun Hausar boko, kuma akwai wani ɗan kasuwa da ke kawo littattafan soyayya daga Kano yana ba da haya a bakin babbar kasuwa. Na karanta su har bangonsu ya yi laushi kamar ganyen alayyafo. A cikinsu duk mai so yakan faɗa. Yakan faɗa a ƙarƙashin farin wata, yakan faɗa a bakin mota, yakan faɗa yana kuka. Sai na taso da yaƙinin cewa so magana ce, wanda bai faɗa ba bai so ba. Aka aura mini babanku, falken shanu, kullum yana kan hanya tsakanin Sinkase da Lome. Mutumin kirki ne, amma soyayyarsa ba ta wuce ƙunshin tsire da tambayar ko gawayi ya ƙare ba. Da na ga haka sai na tattara kalamaina na adana. Na ce idan Allah ya ba ni 'ya, a kanta zan zube su duka.

Allah ya ba ni 'yar, ya kuma ɗaure mini baki. 'Yar fari ce, kun san yadda ake yi: ba a kiran sunanta, ba a yi mata wasa a gaban mutane, ko faɗuwa ta yi sai ki kau da kai wata ta ɗaga ta. Sannan aka raɗa mata sunan mahaifiyar babanku, sai sunan ya gagari bakina ta fuska biyu. Hajiya ta riƙa ce mata Takwara, gida duka ya bi. Ranar da aka yaye ta aka goya ta aka tsallaka tsakar gida da ita zuwa ɗakin Hajiya, ta zama tata. Ni Hajiya Amarya take ce mini har ta koma ga Allah, yarinyar ma da ta fara magana haka ta ji ana cewa, haka ta kira ni.

Ina so ku san Hajiya kafin ku yanke mata hukunci, don mafi yawanku ba ku riske ta da wayo ba. Kafin ta haifi babanku ta binne 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya a wani ƙauye can arewa, duk da ciwo iri ɗaya. Yaro ya rame, gashinsa ya yi ja, ƙafa ta kumbura, kuka ma ya gagare shi. Ba ta cika ba da labarin ba, amma yana hannunta. Duk yaron da ya shigo gidanmu sai ta kama damtsensa ta matsa, in ta ji ƙashi fuskarta ta canza. Sana'arta suyar ƙosai da wagashi, cukun nan da matan Fulani ke kawowa, a ƙofar gida. Na farkon kowane kasko na Takwara ne. Da safe burodi da madarar gwangwani mai zaƙi, da rana tuwo da man shanu, tsakani kuma abin da hannu ya kai. In yarinyar ta ɗan rage ci sai Hajiya ta sayo wani siro a kasuwa, maganin ruwa mai buɗe ciki, ta ba ta a cokali tana yi mata kirari.

Da jigida take auna ta. Tun tana jaririya ta ɗaura mata a ƙugu, tana da wata kwalba cike da duwatsun jigida ja da baƙi. Duk sanda zaren ya matse, ranar farin ciki ce a gidan.

"Ku zo ku gani, jigidar Takwara ta sake matsewa. Amarya, miƙo mini kwalbar nan, ki daina yi kamar ba ki ji ba."

Sai ta kwance, ta ƙara duwatsu, ta ɗaga zaren sama kowa ya ga tsawonsa. Matan Kotokoli maƙwabtanmu su ja kumatun yarinyar su ce gidan masu shanu ba ƙarya, akwai ci. A zangonmu yaro mai jiki mutuncin ubansa ne. Ni ma a lokacin daɗi nake ji. Nakan leƙa ta taga in ga fuskarta kamar wata ɗan daren sha huɗu, in ce a raina duk littattafan da na karanta babu yarinya mai kyanta.

Sai da ta kai tsakiyar firamare na fara ganin abin da sauran ba sa gani, ko ba sa so su gani. Makarantarsu tana kan tudu. Da safe in ta fita nakan ɗauki kwando in ce zan tari masu wagashi, in bi ta daga nesa ina raɓewa jikin katanga, don ba zai yiwu a ga ina raka 'yar fari ba. Takan tsaya a ƙarƙashin itatuwan tek na bakin hanya ta dafa gwiwa tana haki, sauran yara suna wucewa da gudu. Maza sukan kwaikwayi ƙahon mota, su ce a ba titan hanya, wato manyan motocin kaya masu zuwa Wagadugu. Takan jira numfashinta ya dawo ta ci gaba, ƙafafu a ware, don cinyoyinta sun goge har sun yi rauni. Wuyanta ya yi baƙi, Hajiya ta ɗauka dauɗa ce, ta riƙa dirza shi da soso har ya ɗaye. In ta kwanta barcin rana munsharinta yakan yanke ɗif, in tsaya da tsintsiya a hannu ina saurare, sai can ta ja iska da ƙarfi kamar wadda aka tsamo daga rijiya. Ta daina fita gaɗa. Takan zauna a bakin ƙofar Hajiya tana kallon 'yan mata suna tsalle, tana yi musu tafi a hankali a kan cinyarta. Da aka zo shirin faretin makarantu malaminsu ya cire ta daga layi, ya ce ta riƙe wa 'yan ajin ruwa. Ta dawo ta ninke kakinta ta sa a ƙarƙashin katifa. Hajiya ta ga ranta a ɓace, ta soya mata wagashi cike da faranti.

Wata rana zan kai ƙaninta Nasiru allura, sai na ce Takwara ta zo ta riƙe mini jaka. Dabara ce. Ma'aikaciyar jinyar ta dubi wuyanta, ta ɗora ta a sikeli, ta tsaga mata yatsa ta ɗibi jini, sannan ta tura ta waje ta rufe ƙofa.

"Madam, wannan baƙin wuyan ba dauɗa ba ne. Ciwon sukari ne ke tafe. In ba a canza mata ci ba, in ba ta motsa jiki ba, za ki yi jinyarta tun ba ta isa aure ba."

Ta tambaye ni ko ni ce uwar. Na ce e, a hankali, kamar mai amsa laifi. Ta ce to me nake jira. Ban san yadda zan bayyana mata cewa 'yata tana kwana taku kaɗan daga ɗakina amma ba ni da iko da cokalinta ba.

Na jira babanku ya dawo daga Sinkase na gaya masa. Ya tafi ɗakin Hajiya ya zauna a ƙasa, ina jin su daga madafa. Ya kewaya, ya kewaya, sannan ya faɗi abin da aka ce a asibiti. Sai na ji muryar Hajiya.

"Garba, ka taɓa ɗaukar yaronka ka ji bai kai nauyin kaza ba? Ni na ɗauka. Na ɗauki yayyenka haka, na miƙa su aka tafi da su. Yanzu Allah ya ba ni wadda hannuna ba ya zagaye damtsenta, ka zo kana ce mini ciwo ne."

Duk da haka ta gwada, ku rubuta mata wannan. Ta ɓoye madarar, ta rage man. Yarinyar ta yi kuka, Hajiya ta yi kuka, kafin mako ya zagayo kasko ya koma yadda yake. Na gane cewa muddin suna ɗaki ɗaya babu mai iya hana ɗayarsu, don Hajiya ba ta san wata hanyar cewa ina sonki ba sai ta faranti, yarinyar kuma ba ta san wata hanyar amsawa ba sai ta cinye.

A nan ne na tuna Yaya Zainabu, yayata da ke aure a Dapaong. Mijinta ɗan ƙabilar can ne, Bamobe musulmi, manomin dawa da tumatir. Gidansu babu kaskon suya. Tuwon dawa ne da miyar kuka da ganye, yara suna zuwa makaranta a keke, da yamma kowa ya ɗauki bokiti a tafi ban ruwa a lambu. Na daɗe ina juya maganar a raina kafin na furta wa babanku. Ya dube ni ya ce ko na san abin da nake roƙo, ai idon Hajiya zan cire. Na ce na sani. Na ce masa ina tsayawa da tsintsiya ina jiran 'yata ta ja numfashi, ina tsoron ranar da zan jira ba za ta ja ba. Bayan an yi hutun ƙarshen shekara shi da kansa ya gaya wa Hajiya cewa Takwara za ta koma karatu Dapaong. Bai ambaci sunana ba, amma Hajiya ba yarinya ba ce. Ta aika a kira ni. Na durƙusa a bakin ƙofa.

"Amarya, ni na roƙe ki ita? Ku kuka goyo ta kuka kawo mini. Ba a ba tsohuwa yaro a karɓe tana da rai. Da kin ɗan jira, ai na kusa."

Na ce ta yi haƙuri. Shi ke nan abin da na iya cewa. Ta juya ta ci gaba da ninke kayan yarinyar, tana cusa ƙunshin soyayyen wagashi a tsakanin zannuwa.

Ranar tafiya Hajiya ba ta je tasha ba, ta ce ƙafarta. Ni na je, da ƙannen babanku da matan maƙwabta. Kwana da kwanaki ina shirya abin da zan gaya mata. Na tsara shi kamar yadda ake yi a littafi, na san inda zan fara, na san inda zan riƙe hannunta. Zan ce mata ita ce farkon abin da na so a duniya ba tare da an koya mini ba. Da muka isa, ga dangin miji a tsaye, ga mata sun zuba ido su ga ko Amarya za ta yi rashin kunya. Direban ya dube ta ya ce wannan ai sai a ba ta kujerar mutum biyu, mutane suka yi dariya, ba da mugunta ba, irin dariyar tasha. Ta matso kusa da ni, abin da ba ta saba yi ba, ta yi magana ƙasa ƙasa.

"Amarya, don na yi ƙiba ne?"

"Don lafiyarki ne."

"Hajiya ta ce lafiyata ƙalau."

Na faɗi gaskiya, amma na faɗe ta ina kallon ƙasa, kamar yadda aka koya mini tsayawa a gaban 'yar fari. Kalaman da na tara kuwa na koma gida da su. Na ce ta riƙa jin maganar Yaya Zainabu. Ta shiga mota da ƙyar, ba ta waiwayo ba. Na tsaya har motar ta hau titin arewa ta ɓace, ina jin kamar an zare wani zare daga ƙirjina ana tafiya da shi.

Labarinta ya riƙa zuwa ta wayar Yaya Zainabu da bakin fatake. Da fari ta ƙi tuwonsu, tana kwana tana kiran Hajiya. Yaya mace ce mai haƙuri amma ba ta lanƙwasuwa. Ta sa ta gaba zuwa lambu, yau bokiti rabi, gobe cikakke. Mijinta ya gyara mata tsohon keke, ta faɗi, ta tashi, ta faɗi, wata rana aka ce ta kai makaranta ba ta sauka ba. Aka ce munsharin ya ragu. Aka ce ta yi ƙawa. Ni ina karɓar waɗannan labarai kamar ruwan farkon damina, amma ba ni da wanda zan yi murna da shi, don a tsallaken tsakar gida Hajiya tana ƙarewa. Ba ta fasa cire na farkon kasko ba. Takan sa shi a ƙaramin kwanon Takwara ta rufe, in yamma ta yi ta ba yaran maƙwabta. Takan aika ƙunshi ta hannun direbobi, Yaya ta raba wa gida duka. Tsakanina da ita gaisuwa ce kawai, tana amsawa ba ta ɗaga kai. Ba ta taɓa zagina ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Shekara ba ta cika ba, wata safiya cikin damina Hajiya ta faɗi a gaban kaskonta. An ce jininta ne ya hau. Da aka kwantar da ita bakinta ya karkace, kalma ɗaya ake ganewa, Takwara. Aka buga waya nan take, amma Dapaong ba nan kusa ba ce. Kafin la'asar an kai Hajiya makwancinta.

Washegari ina zaune cikin mata ana karɓar gaisuwa, sai wata yarinya doguwa ta yi sallama da jaka a kafaɗa. Matan suka amsa kamar ga baƙuwa. Ni na gane ta tun daga inuwarta. Daga tasha ta tako da ƙafa, ga tudu, ga rana, kuma ba ta haki. Ku yafe mini, a tsakiyar makoki zuciyata ta yi wani tsalle na farin ciki, na sunkuyar da kai don kada a gani. Ta gaishe ni kamar yadda ta gaishe da kowa, ta wuce ɗakin Hajiya. Na bi ta bayan ɗan lokaci. Na tarar da ita zaune a bakin gado da kwalbar nan a hannu. Kwalbar ta cika har wuya da sababbin duwatsu. Ashe duk watannin nan Hajiya tana saye tana tarawa, tana jiran ranar da za a sake ƙarawa. Yarinyar ta sa hannu ƙarƙashin zaninta ta kwance jigidarta. Ta yi mata yawa har sai da ta ƙulle zaren ya ninku. Ta naɗe ta a jikin kwalbar, ta sa a jakarta.

"Da kin bar ni, da ina nan ta rasu."

Gaskiya ta faɗa. Bayan addu'ar bakwai babanku ya ce tunda ta samu lafiya ta dawo gida. Ta ce a'a, za ta koma wurin Inna. Sai da na ɗan yi jim kafin na gane Yaya Zainabu take nufi.

Sauran kun san shi. Can ta gama karatu, can ta yi aure, can ta haifi 'ya'yanta. Ciwon da aka ce yana tafe bai iso ba. Tana zuwa mana biki da rasuwa, tana kawo tumatir da albasa, ba ta taɓa yi mini rashin ladabi ba. Amma har yau Amarya take ce mini, ga furfura ta cika mini kai. Idan aka mayar da ni wannan shekarar, zan sake tura ta. Na auna abin a raina fiye da yadda zan iya faɗa, kullum amsar ɗaya ce: gara tana numfashi tana nesa da ni. Sai dai ban san cewa kuɗin abin zai haɗa da Hajiya ba, ban kuma san zan yi ta biya har tsufana ba.

Bara na je Dapaong duba jikokina. Ranar dawowa ta ce ba sai an kira mai babur ba, tasha kusa ce, ta ɗauki jakata ta wuce gaba. Tana tafiya kamar iska na tura ta. Ni kuwa gwiwa ta gaji, ƙirji ya gaji, muna cikin tafiya na tsaya a ƙarƙashin wata bishiya na dafa gwiwa ina haki. Ta dawo ta tsaya a kaina.

"Amarya, zauna ki huta. Na san yadda yake."

Muka zauna a kan wani dutse, mu biyu kawai, babu dangin miji, babu maƙwabta. Na ce a raina yau ce ranar. Na gaya mata cewa lokacin da take ƙarama nakan bi ta hanyar makaranta, ina ganinta tana hutawa a ƙarƙashin itatuwan tek. Ta ɗan yi murmushi tana kallon hanya.

"Na sani. Ina ganinki kina raɓewa jikin katanga. Na ɗauka ɓuya kike yi don kada a san ke kika haife ni."

Na ce ba haka ba ne. Ta ce to. Ta miƙe ta ɗauki jakar, ta ce mu je kada mota ta cika. Ni da na karanta littattafai cike da akwati, abin da na iya haɗawa ke nan, ba haka ba ne.

Shi ya sa na rubuta. Bakina an ɗaure shi tun ina amarya, ya saba, ba zai kwance ba yanzu. Ke Hauwa, ke ce mai murya. Idan kin je Dapaong ki tafi da wannan babin, ki samu lokacin da ta dawo daga lambu ta zauna, ki karanta mata tun daga farko, kada ki tsallake na Hajiya. In kin iso nan ki ɗago kai ki dube ta cikin ido, yadda ban iya yi ba a tasha, ki faɗa a madadina:

Salamatu, 'yata. Ban taɓa jin kunyarki ba. Numfashinki nake bi.